Tuwon da Littafi Ya Ƙona

Duk wanda ya yi wayo a gidan Hausawa cikin shekarun 1990 ya san wannan rigimar. Ƙauri ya tashi daga madafa, uwar gida ta fito da sauri ta tarar tuwo ya kama, ita kuwa yarinyar da aka bar wa tsaron tukunya tana rakuɓe a bayan ƙyaure da ɗan siririn littafi a hannu, ba ta ma san duniyar da take ba. A gidanmu Goggo ce ta kama yayata. Ba ta tsaya dogon bayani ba, ta fizge littafin ta cusa a murhu tana cewa, "Karatun da ba na allo ba, ba na makaranta ba, sai na ƙona wa mutane abinci!" Littafin na haya ne, kashi na biyu. Sai da Yaya ta yi mako guda tana haɗa kuɗin biya kafin ta sake bi ta ƙofar shagon mai hayar.

A daidai wannan lokacin masana suna can suna tasu muhawarar a shafukan jaridu. Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa irin waɗannan littattafai suna Adabin Kasuwar Kano, yana kallonsu a matsayin haja mai saurin shuɗewa. Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, yana ganin sun sa matasa karatu da harshensu. An yi magana a kan tarbiyya, da kwaikwayon fina-finan Indiya, da karya ƙa'idojin rubutu. Duk an taɓo gaskiya. Amma na daɗe ina ganin ƙarar da Goggo ta shigar daban take da ta malaman jami'a, kuma ba a saurare ta ba. Goggo ba ta san abin da ke cikin littafin ba, don ba ta karatun boko. Abin da ta gani shi ne yarinya zaune da rana tsaka, hannuwanta biyu a kan takarda, idonta a kan takarda, bakinta a rufe. A tsarin tsakar gida da ta tashi a ciki, labari bai taɓa neman wannan duka daga wurin mace ba.

A da, labari na dare ne, kuma na kunne ne. Bayan an ci tuwo an yi sallar lisha, tsohuwa takan jawo taskira da mazari da alli kusa da fitilar aci-bal-bal, yara su kewaye ta. Audugar an riga an gurje ta an shiɓe ta, saura kaɗi. Kaɗi kuwa aiki ne da yatsu suka haddace, ba ya neman hankalin mai yinsa, saboda haka baki ya samu sararin Gizo da Ƙoƙi da Botorami. Mai sauraro ma ba a banza yake zaune ba, ko ɓarar gyaɗa ko tsinkar yakuwa ana samun abin da za a tura masa. Wanda ya karanta labarin Baba mutuniyar Karo, wadda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 aka buga a 1954, zai ga yadda kaɗi da saƙa suke shiga ko'ina cikin rayuwar mace, har su ne hanyar samun ɗan kuɗinta na kanta. Zaren da aka kaɗa da dare, abawa ko siriri, shi masaƙa ke saye.

Sannan akwai dokar da kowane yaro ya sani: ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi zai ɓata. Mun tsorata da ita ƙwarai muna yara. Da girma ya zo sai na gane ba ɓatan yaro ake tsoro ba, ɓatan aiki ne. Rana tana da nata abin rakiya, wato waƙar daka da ta niƙa da lugude, waɗanda ke ƙara wa taɓarya ƙarfi maimakon su tsayar da ita. Ko Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta tashi ilmantar da matan karkara ta hannun jajinta na 'Yan Taru, waƙa ta ba su su haddace su kai gida. Ilimin da ke shiga ta kunne ya zauna a ka ba ya hana surfe.

Sai mutum ya zauna ya lissafa abin da rana ɗaya ke ci a gidan da babu mai aiki kafin ya gane dalilin wannan rowar lokaci. Wajen tsara abincin gida, tambaya ce kawai ake yi: "Yau me za a ɗora?" Amma a ƙarƙashin tambayar akwai lissafin da ya isa a ba mutum takardar shaida a kansa. Maigida ne ke da awo, ko daga rumbu ko daga kasuwa, a mudu ko kwano ko tiya, gwargwadon garin da ake. Shi ne kuma ke ajiye kuɗin cefane da safe kafin ya fita, sau da yawa adadin da ya saba bayarwa tun kafin kaya su yi tsada. Daga nan sauran na mace ne. Ita ta san baki nawa za su ci, da almajirin gidan, da kwanon da za a kai wa surukai, da na zaure in maigida yana ciyayya da maƙwabta, da rarar da dole a bari saboda baƙon da bai yi sallama ba tukuna. Ita ta san tuwon dare sai an tuƙa shi da yawa don ya kwana ya zama ɗumamen safe, ƙanzon ma ba a zubarwa. Ta san ranar da manja zai ƙare, ta san in an yi miyar taushe yau gobe sai kuka, don kuka ba ta cin kuɗi in akwai daddawa da ɗan barkono. Tun da kaka, lokacin da kuɓewa da tumatir suka yi araha, ta yanka ta shanya, don ta san bazara na tafe. Shekarar 2016, da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har kwando ya gagari talaka, gidan da ke da kauɗa a tulu bai ji jiki kamar wanda ba shi da ita ba. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, gidaje da yawa sun koma auna shinkafa da gwangwani, kuma mace ce ke tsaye a gaban tukunya tana raba abin da bai isa ba.

In kuɗin cefane ya gaza, daga ina cikon ke fitowa? Daga sana'arta. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta kira abin da ta gani ɓoyayyen ciniki: matan da ke cikin kulle suna sayar da hatsi da ƙuli-ƙuli da fura da ɗanwake daga ɗaki zuwa ɗaki, yara ne ƙafafunsu. Enid Schildkrout ta ga irin wannan a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta bi 'yan talla ta ga inda ribar ke zuwa, wato adashi da kayan ɗakin 'ya mace. Masu cewa matar kulle zaman kashe wando take yi ba su taɓa wuce soro ba.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne rabon girki. A gidan mata biyu ko uku, wadda ta karɓi girki na kwana biyu ba ta da lokacin kanta, daga shara sai wanke-wanke sai tukunya sai hidimar maigida. Wadda ta fita girki kuwa ta samu kwana biyu ko huɗu nata na kanta. A cikinsu take kitso, take zuwa barka, take sana'a, kuma a cikinsu ne daga baya ta samu damar buɗe littafi. Abin dariya ne a ce kishin da ya cika waɗannan littattafai shi ne ya samar musu da masu karatu, amma ina ganin haka abin yake a gidaje da dama. Matar da take ita kaɗai, ba ranar da take fita girki.

Kaɗi ya mutu a hankali bayan yadin kanti ya cika kasuwa, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya a Kano da Funtuwa da Gusau. Hannun mata bai zauna haka ba. Ɗinkin hula ya shigo ɗaki: dillali ya kawo hular da aka zana da zarenta, mace ta yi makonni tana bin zanen da allura, ya dawo ya karɓa ya biya ta ɗan abin da ya biya, ya kai wa masu wanki da bugu, a kasuwa kuma a sayar da ita ninkin-ba-ninkin ladan ɗinkin. Saƙar ulu da kwarashi ta shigo ta makarantun 'yan mata da cibiyoyin koya wa mata sana'a, ta samu gindin zama saboda abu biyu, hunturu da haihuwa. Da an ce wance ta kusa, sai ka ga ƙanwarta ko aminiyarta ta sayo ulu, ana saƙa hula da safa da rigar sanyi da mayafin jariri, a kai ranar suna. (Ulun nan dai bai taɓa ganin tunkiya ba, zaren roba ne, amma sunan ya bi shi.) Yau kayan gwanjo da na Sin sun karya farashin saƙar hannu, duk da haka ba ta mutu ba, don abin da aka saƙa wa ɗanka da hannu ba ɗaya yake da na tebur ba.

Saƙa ta fi kaɗi neman ido, kuma tana da ƙirga. Mai saƙa takan ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, kada ki ɓatar mini da lissafi." Amma kunne a sake yake. Wannan ya sa rediyo bai taɓa samun matsala da tsakar gida ba. Tun da gidan rediyon Kaduna ya fara a 1962, akwatin ya samu wurinsa a kan taga ko a gindin turmi, ana jin zaɓi-sonka da wasan kwaikwayo ana tankaɗe. Ban taɓa jin an jefa rediyo a murhu ba.

Littafi ne ya zo da sabon abu. Littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, da Magana Jari Ce da ta biyo baya, maza ne suka rubuta, kuma ta ƙofar aji suka shiga hannun mutane. Ba su da yawa, ba su kuma yi wa girki barazana ba, don 'yan matan da suka iya karanta su ƙalilan ne. Sai shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya tura 'yan mata makaranta da yawan da ba a taɓa gani ba, Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 zamanin Abubakar Rimi, matan aure suka shiga ajin yamma. A shekarar 1980 ɗin ne So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito. Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, marubuta suka koma buga wa kansu a ƙananan maɗaba'u. Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Littattafan sirara ne, an raba su kashi-kashi, na ɗaya ya tsaya a inda zuciya ke bugawa don a nemi na biyu. Mai shagon haya a bakin layi, yaron da ake aike cefane shi ke karɓowa, a ɓoye a ƙarƙashin ganyen alayyafo in ta kama.

Wannan ne karo na farko da labari ya zo wa mace da rana, ya ce ta ajiye abin da ke hannunta, ta yi shiru, ta ji shi ita kaɗai. Ya karya dokar tatsuniya ta kowace fuska. Shirun ma ya fi ƙona tuwon tayar da hankali. Tatsuniya kowa na ji, in mai bayarwa ta kauce, akwai babba a kusa da zai yi gyaran murya. Abin da ke shiga kan yarinya daga takarda kuwa ba mai jin sa. Ina ganin rabin zargin lalata tarbiyya daga nan ya taso, daga rashin sanin abin da ake faɗa mata, ba daga abin da aka tabbatar an faɗa ba. Sauran rabin yana da tushe, don akwai shirme da yawa a cikin hajar, akwai labaran da aka kwaso daga fim ɗin Indiya aka sa musu hula da mayafi. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a Kano. Abin da Goggo ta yi a murhunta, gwamnati ta yi shi a gaban 'yan jarida.

Sai dai tsakar gida ta riga gwamnati samo magani, kuma nata ya fi aiki. Ta mayar da littafin ya zama tatsuniya. Ba a yi wata uku da ƙona na Yaya ba, na dawo daga makarantar allo da la'asar na tarar da ita a kan tabarma tana karantawa da ƙarfi, matar yayanmu tana saƙa safar jariri, maƙwabciya tana tsinkar zogale, Goggo kuwa tana daga gefe tana gyaran shinkafa a faifai, ta juya baya kamar ba ta ji. Da aka zo inda miji ya saki uwar 'ya'yansa saboda amarya, Goggo ce ta fara cewa, "Allah ya isar mata." Washegari ita ce ta tambaya, "Ke, ina aka kwana da baiwar Allan nan?" Karatun ba ya tafiya a miƙe. Ana tsayawa a yi gardama, wannan ta ce da ni ce da ban koma ba, waccan ta ce ke dai ba ki haihu ba ne, a kawo labarin wata 'yar uwa da irin haka ta faru da ita, mai saƙa ta ɓata ƙirga ta warware layi biyu. In marubuciya ta shiga wani zance da bai dace da kunnen yara ba, mai karatu takan yi tsalle ta wuce shafin, kowa ya gane, ba wanda ya tanka. Nazarin adabi na farko da na taɓa ji ke nan, kuma har yau ban ji wanda ya fi shi rashin sassauci ba.

Waɗannan masu sauraro sun san abin da suke aunawa da shi. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, wanda ya fito a 1990 aka fassara shi zuwa Ingilishi a Indiya a 2012, ya tsaya ne a kan kuɗin cefane. Alhaji Abdu yana da rumfa a kasuwa, yana ƙuntata wa Rabi da 'ya'yanta tara a abinci, yana kashe wa Delu a waje, daga baya ya kori Rabi, ita kuma ta riƙe 'ya'yanta da sayar da abinci. Babu macen da za a karanta wa wannan ta ce ƙarya ne, domin lissafin da take yi kullum da safe ne aka sa a takarda. A nan nake ganin yawancin littattafan da suka biyo baya suka gaza. Girki bai bar littattafan ba, ya ma ƙaru, har wasu kan tsaya tsakiyar labari su koyar da haɗin wani abinci ko turaren wuta, kuma masu karatu suna kwafa suna gwadawa. Amma kicin ɗin ya zama na mafarki. Tauraruwar takan jera kuloli biyar a kan tebur, kaji da kifi da lemo kala uku, ba a taɓa jin ta tambayi kuɗin mudu ba, ba a taɓa ganin gas ya ƙare mata tukunya na kan wuta ba. An mayar da girki makamin mallake miji kawai, an cire masa lissafin da ya sa ya zama gwaninta. Mace mai ciyar da mutum goma sha biyu da abin da bai isa takwas ba ta fi wannan tauraruwar abin ba da labari.

Gidajen rediyo masu zaman kansu da suka yawaita a Kano da sauran birane daga farkon shekarun 2000 sun gane abin da mata ke so, suka sa shirye-shiryen karanta littafi a iska. Labari ya koma kunne, hannu ya koma kan muciya. Daga nan waya ta karɓe. Yau shagunan haya sun zama na cajin waya, marubuciya tana sakin labarinta shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, mai so ta tura kuɗi a sa ta a rukuni, wasu kuma suna karantawa su ɗora a YouTube ko a tura wa mutum a memori. BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, ana karanta labaran da suka yi fice a rediyo. Ta fuskar aiki, rigimar ta mutu: mace na iya tuƙa tuwo, ko ta yi layi ashirin na saƙa, labari na zuba a kunnenta.

Amma ta iyafis yake zuba. Kwanan baya na shiga wani gida na tarar da mata uku a tsakar gida, ɗaya na yankan kuɓewa, ɗaya na ɗinkin hula, ɗaya na wanke-wanke, kowacce da zare a kunne, kowacce da labarinta, sai da na yi sallama uku. Tuwo ba zai ƙone ba, gardamar ce ta tafi, da tsohuwar da ke juya baya tana ji, da yaron da ke laɓe yana koyon yadda manya ke auna mutum. Ba na cewa mace ba ta da haƙƙin abin da za ta ji ita kaɗai, wadda ta yini tana yi wa mutane hidima ta cancanci ɗan lungun da ba mai shiga. Sai dai wasu daga cikin labaran da ake sayarwa a rukunonin nan an rubuta su ne da sanin cewa ba za a taɓa jin su a fili ba, shi ya sa batsar da ba ta isa ta hau takarda a 1995 ba yanzu take yawo a waya, inda hannun hukumar tace littattafai ba ya kaiwa.

'Yar uwa marubuciya, kafin ki saki littafinki na gaba, ki samu gidan da ake aiki da la'asar, ki zauna a tabarma ki karanta musu babi biyu da ƙarfi, da tsohuwa a wurin. Ki lura da inda kika ji nauyin karantawa, da inda mai saƙa ta ɓata ƙirga, da inda aka tambaye ki nawa tauraruwarki ta sayo tattasai.